Inna, Sun Ce Ba Kallo Kike Yi Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya min, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'imar da kika daɗe kina roƙo, Ya yalwata miki makwanci. Mu nan Kuala Lumpur muna lafiya. Abban Walida yana sa ki a addu'a, karatuna ya kusa zuwa ƙarshe, takwararki Walida kuma ta yi tsawo har ta kamo kafaɗata.

Na san takarda ba ta isa inda kike, addu'a ce ke isa. Na kuma san a shafina zan liƙa wannan, jama'a su karanta, har da mutumin da ya jawo na zauna rubuta ta. To ya karanta. Amma da ke nake magana, don tun watan jiya nake yawo da wani ɓacin rai a ƙirjina, ina hawa jirgin ƙasa na LRT da shi, ina shiga ɗakin karatu da shi, kuma duk duniya ba wanda zai gane shi kamar ke.

An taɓa ki, Inna. A gabana aka taɓa ki, kuma a kan kallon kaboyi.

Bari in fara da Walida, don a kanta abin ya taso. Kin san tana rarrafe muka zo ƙasar nan. Yanzu shekararta tara. Duk abin da aka faɗa da Hausa tana ji, ko zaginta aka yi a ƙasa-ƙasa sai ta ɗago kai. Amma ta buɗe baki ta mayar, ina. Turanci za ta ba ki, in ta ga dama ta haɗa miki da na Malay. A gida Hausa muke yi mata safe da yamma, amma makaranta da filin wasa da 'ya'yan maƙwabta sun fi mu yawa. Ga shi ƙarshen shekarar nan za mu tattara mu koma Kano. Tsorona ke nan: yarinya ta shiga gidan kakanninta ta tsaya a tsakar gida kamar baƙuwa, 'yan'uwa su yi mata dariya sau ɗaya, ta rufe bakin ke nan har abada.

Kin tuna kiran da muka yi na ƙarshe? Kina kishingiɗe a gadonki, Yaya Sani yana riƙe miki da waya. Ke da hantsinki, mu da yammacinmu, amma da yake kin riƙe cewa ranarmu tana gaba da taku, sai kika ce, "Takwara, kin wuni lafiya?" Ta ɓoye fuska a bayana. Kika sake. Ta jefo wata kalma da Turanci ta ruga ɗaki. Na tashi zan kamo ta, kika yi dariyar nan taki mai haɗe da tari, kika ce, "Bar ta, bakin ne bai nuna ba." Ba ki kai Sallah ba. Gaisuwar nan har yau tana nan ba a amsa ba, kuma tana ci min rai.

To, iyayen yaran Hausawa da ke nan unguwar Taman Melati duk ciwonmu ɗaya, sai aka kira taro a zauren da ke ƙasan benenmu, a kan yadda za a riƙa tara yara ranar Asabar su ji Hausa. Aka yi tapau, wato aka sayo abinci a ƙunshe, daga shagon mamak, Indiyawan nan Musulmi na bakin titi, maza suka zauna a gaba, mu mata a baya muna fama da ƙanana. Wani ya ce a riƙa nuna musu fim, don shi ne abin da zai zaunar da su. Aka ce madalla. Sai na ɗaga hannu.

Na ba su labarinki. Na ce a samo tsohon fim, irin na kaboyi ko makamancinsa, a kashe muryar gaba ɗaya, babba ɗaya ya zauna a gefe ya riƙa ba da labarin da Hausa, yara suna tambaya suna musu. Na ce haka uwata ta yi mana, kuma duk wanda ya zauna a gabanta bai tashi da baki a rufe ba.

Akwai wani a cikinmu, Malam Bashir, wanda ake ce wa Dakta tun bai gama babi na biyu na kundin digirinsa ba. Gine-gine yake karanta, amma yana da shafi inda yake yi wa finafinai alƙalanci, yana raba musu taurari kamar mai rabon goro. Ba wanda ya naɗa shi, ɗan kallo ne kamar kowa. Shi ne ya miƙe ya gyara wuyan riga. Ya ce da girmamawa ga marigayiya, amma wannan ba kallo ba ne, tatsuniya ce aka jingina da hoto. Ya ce wanda bai ji abin da ake faɗa ba bai kalli fim ba, bango mai motsi ya kalla. Ya ce finafinan kaboyi farfagandar Turawa ce da ta tsufa, tsofaffin na ban tsoro kuwa har zaren da ke jan jemage ana gani. Ya ce yaran yanzu ba irin mu ba ne, jarumai masu tashi sama suke so, kada mu mayar da su ƙauye. Ya rufe da "lah" ɗin nan da ya ara a bakin mutanen ƙasar nan, aka kwashe da dariya.

Bango mai motsi, Inna. Wai ke.

Na miƙe zan mayar masa. Ta kusa da ni ta ja min gefen hijabi, na zauna. Kin hore ni kada in ɗaga murya a taron maza, kuma da na buɗe baki a lokacin, ba magana ce za ta fito ba. Na haɗiye, na kwashe kwanukan da aka ci, na hau sama. Abin da na haɗiye ne nake amayarwa yanzu.

Shi bai san talabijin ɗinmu ba. Mai ƙofar katako da ake turawa gefe, kin shimfiɗa mata ƙyalle mai surfani a ka. Shekarar da rufin ɗaki ya yi yoyo ruwa ya shiga bayanta, hoto ya tsira, murya ta mutu. Baba ya ce a kai wa mai gyara, kika ce a bar ta: "Me zai gaya min wanda idona bai gani ba?" Baba ma daɗi ya ji, don bayan la'asar yana zaure yana karatu, ba ya son ƙarar bindiga.

Bayan la'asar ɗin ne ake sa kaboyi. Ki jawo kujerarki 'yar tsugune, faranti a cinya kina tsintar shinkafa, mu a tabarma, matan maƙwabta suna shigowa da goyo. Da hoton ya fito sai ki fara. Ba ki taɓa cewa "ina jin" ko "wataƙila" ba. Yadda kika faɗa haka ne, kamar a unguwarsu kika girma.

Kowa kin raɗa masa suna. Akwai Dogo Mai Farar Hula. Akwai Na-Ƙwarya, mai sanƙo. Mai tauraro a ƙirji shi ne Mai Unguwa. Gidan da suke shiga mai ƙofa 'yar guntuwa tana lilo, rumfar mai shayi ce. Abin da suke zubawa a ƙaramin kofi su kafa kai su yamutse fuska, kika ce jiƙo ne na ciwon baya, hawan doki ne ya jawo musu. Na kai aji uku a sakandare ina tausayin kaboyi saboda ciwon baya. Matar da ke tsaye a saman bene da riga mai baza, ƙanwar Mai Unguwa ce, mijinta ya tafi fatauci. In kuwa Dogo ya matso kusa da ita fiye da kima, ko kallona ba kya yi: "Zuwaira, je ki duba tukunya." Na duba tukwane da yawa da ba komai a cikinsu.

Kuma kina da ra'ayi, ra'ayin da ba ya lanƙwasa. Ba ki yarda da mutumin da zai kwana da takalmi ba. Ba ki yarda da shiga gida da ƙafa a ture ƙofa ba sallama ba. Kin ce tun da kike kallonsu ba ki taɓa ganin ɗaya ya wanke hannu kafin ya ci wake ba. Amma laifin da ba ki taɓa yafewa ba shi ne na doki. Mutum ya yi sukuwa tun daga bayan duwatsu, ya zo ya ɗaure dabba a rana ko ruwa babu, ya shige rumfa shan jiƙo. Ranar da aka harbi Na-Ƙwarya ya faɗo, matan maƙwabta suna salati, ke cewa kika yi, "Alhakin dokin nan ne."

Malam Bashir ya ce farfaganda ce. To wa ya ce masa ba mu sani ba? Duk sanda mutanen nan masu gashin tsuntsu a ka suka ɓullo a kan tudu, fim ɗin yana so mu tsorata, ke sai ki ajiye faranti ki ce, "Ga masu ƙasa nan." Ki nuna masu keken doki da leɓe: "Waɗannan jiya-jiya suka zo." In aka harbe su ɗaya bayan ɗaya suna faɗowa, ba kya bari mu yi tafi. Kin taɓa ɗaka wa Yaya Sani duka a baya don ya yi shewa. Da muryar tana nan, da kiɗan nasara ya ja mu mun bi. Da yake babu, ke muka bi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na girma na ji Turanci na sake kallon wasu. Kin kauce a wurare da yawa. Mutum biyun da kika ce wa da ƙani ne suna rigimar gado, ashe ko sanin juna ba su yi ba. Ƙanwar Mai Unguwa kuwa, Allah Ya shirya. To sai me? Naki labarin ya fi nasu ma'ana, kuma shi ne ya zauna a kaina. Nasu na kalla na manta.

Abin da ya kasa gani, shi mai rabon taurari, shi ne tsofaffin finafinan nan suna bar wa mutum wuri. Kaboyi zai hau doki ya ratsa fili, yana tafiya, yana tafiya, ba abin da ke faruwa sai ƙura da sararin sama. A nan kike zuba naki. A nan kike gaya mana abin da yake tunani, da wadda ya baro a gida, da abin da uwarsa ta ce masa kafin ya fito. A nan muke tambaya, a nan Yaya Sani yake musu, a nan maƙwabciya take cewa ita ba ta yarda ba. Rabin Hausar da ke bakina a wannan filin na tsince ta, tsakanin tudu da tudu.

Yanzu bari ki ji abin da suka nuna wa yara a madadin.

Asabar ta zagayo, aka kafa majigi a zauren, aka sa fim ɗin jaruman nan da aka ciro daga littattafan zane na yara. Inna, da kin gani da kin nemi tukunyar da za ki tura kanki dubawa. Ƙarti majiya ƙarfi cikin kaya matsattsu kamar sun ari na ƙannensu, fuska a rufe, wani da mayafi a wuya yana shawagi. Su ɗauki juna su maka a jikin bene, benen ya rushe da mutanen da ke ciki, su karkaɗe jiki su yi barkwanci. Gari guda aka niƙe. Ba wanda ya je jaje, ba wanda ya tsaya ya ɗaga tsohuwa, ba a nuna ko mutum ɗaya da tsintsiya ba. Ni dai ina zaune ina jin muryarki: wa zai share wannan ɓarnar?

Ba ƙin su nake yi don sababbi ne ba. Na taɓa kai Walida kallon wani a sinima a Bukit Bintang, sanyin ɗakin ya kusa kashe ni, na fito kunnena yana ƙara har muka iso gida. Abin da na riƙe a kansu ɗaya ne: ba sa yin shiru. Daga fari har ƙarshe ƙara ce, wuta ce, wani ya faɗi magana wani ya mayar kafin ka haɗiye yawu. Ko allura ba za ki samu inda za ki soka ba, balle magana. An tauna, an haɗiye wa yaro, nasa kawai ya buɗe ido. Kaboyi ko ƙarya zai yi miki, yana ba ki lokacin da za ki ƙaryata shi.

Da aka gama, Malam Bashir ya tsaya a gaba ya tambayi yara da Hausa wane darasi suka koya. Suka amsa masa da Turanci, dukansu, har da nasa. Ya ce ai a hankali ne. Walida ta hau sama ta ɗaura tawul a wuya tana tsalle daga kujera zuwa kujera. Taron koyon Hausa ke nan. Washegari na ga ya ba fim ɗin taurari cike da hannu a shafinsa.

Sai na ce to, zauren nasu ne, amma falona nawa ne.

Na samo wani tsohon kaboyi a intanet, na haɗa da talabijin, na kashe murya, na kira ta. Ta tambaye ni da Turanci ko abin ya lalace ne. Na ce zauna. Na fara. Inna, ashe aikin nan ba wasa ba ne. Ke kina tsintar shinkafa kina yi kamar numfashi, ni kuwa hannu biyu ba komai amma sai inda-inda. In nemi kalma in rasa, ta Turanci ta riga ta fitowa. Na ce mata jiƙo ne suke sha, ta kalle ni kallon da ke nuna ta san ko mene ne. Ta zauna don biyayya, tana lilo da ƙafa, can ta zame ta ɗauki kwamfutarta ta shige ɗaki. Na zauna ni da Dogo muna kallon juna.

Ranar na fi jin haushin Malam Bashir fiye da ranar taro, don ya fara yi min kama da mai gaskiya. Abban Walida ya ce in kwantar da hankalina, in mun koma gida za ta ɗauka a bakin yara. Na ce masa na ga yaran da aka mayar. Na ga wadda ake kira 'yar Malesiya har ta yi aure, tana zaune a cikin dangi tana murmushi kamar surukar gida. Ba na so takwararki ta zama haka.

Ina cikin wannan sai na tuno tsohuwar nan mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Kin tuna? Wata Sallah Yaya Sani ya aro bidiyo da kaset, ya ce yau za mu ga abin tsoro. Da rana tsaka ya saki labule don ɗakin ya yi duhu. Fim ne baƙi da fari, tsoho tukuf. Wani saurayi da matarsa sun tare a wani tsohon gidan sama. Duk sanda aka fara ruwa, sai ga wata tsohuwa da mayafi ta tako daga cikin itatuwa, ta tsaya a ƙofa tana ƙwanƙwasawa. Su kuma su kashe fitila su maƙale a bayan kujera suna rawar jiki. Yaya Sani ya ce fatalwar mai gidan ce ta dā. Muka dunƙule a jikinki muna ihu.

Ke ko gezau. Kika ce, "Wace fatalwa? Wanda ya tafi ya tafi. Tsohuwa ce ta zo ganin gida." Daga nan kika ɗauki maganarta. Duk sanda ta ɗaga hannu ta buga, sai ki ce da muryar tsofaffi, "Masu gida, kun wuni lafiya?" Su kuma ki bi su da faɗa: ji marasa kunya, sun shiga gidan mutane ba su nemi kowa ba, ga babba a tsaye cikin ruwa sun kasa ko amsawa. A ƙarshe suka kwashe kaya suka gudu, aka bar tsohuwar tsaye a ƙofa. Kika ja tsaki kika ce, "Gaisuwa kawai ta zo yi. Da sun amsa da tuni ta tafi." Tun daga ranar ban sake jin tsoron fim irin wannan ba, sai dai tausayi.

Ban san sunan fim ɗin ba, ba wanda ya sani a gidanmu. Na yi ta tono a cikin tsofaffin finafinan da ake zubawa a intanet, in buɗe wannan in rufe, lokacin da ya kamata in ba gyaran babina na ƙarshe. Na ga jemagu masu zare, gaskiyar Malam Bashir, na ga dodanni da ake ganin zip ɗin rigarsu. Har Allah Ya sa na faɗa a kansa. Da na ga itatuwan nan da ƙofar nan nan take na gane shi.

Lahadin da ta wuce ne, bayan azahar. Hadari ya haɗo irin na garin nan, wanda ba ya shawara, ruwa ya kece har ba a ganin benen da ke fuskantarmu. Na ce wa Walida akwai na ban tsoro, in ba za ta iya ba ta tafi ɗaki. Kin san jinin gidanmu, ba a ce mana ba za mu iya ba. Ta ɗauko matashi ta rungume ta zauna. Na kashe murya.

Wannan karon ban yi ƙoƙarin zama ke ba. Na riƙa faɗin abin da nake gani kawai. Ga su sun iso da akwatuna. Matar ta ce gidan yana wari, mijin ya ce za ta saba. Ban gaya mata fatalwa ce ba, ban kuma gaya mata abin da kika ce ba. Ta zuba ido tana bi. Sau ɗaya ta tambaye ni wani abu da Turanci, na amsa da Hausa, ba ta tashi ba.

Sai aka fara ruwa a cikin fim ɗin, ga namu yana dukan taga. Tsohuwar ta fito daga cikin itatuwa, tana jan ƙafa, ta tsaya a ƙofa, ta ɗaga hannu. Na buɗe baki, wallahi Inna ba muryata ce ta fito ba, taki ce, har da ɗan karkarwar nan ta ƙarshe-ƙarshe: "Masu gida, kun wuni lafiya?"

Su suka ruga bayan kujera. Ta sake bugawa, na sake faɗa. Ya kamata in yi faɗan da kike yi, in zagi marasa kunya, amma na kasa. Falon ya yi tsit sai ƙarar ruwa. Tsohuwa tana tsaye, mayafinta ya jiƙe ya manne mata a kafaɗa, tana bugawa, ba mai amsawa. Walida ta juyo ta kalle ni tana jiran in ci gaba. Ban iya ba.

Sai na ga ta ajiye matashin. Ta haɗe girar sama da ta ƙasa, irin haɗewar da kike yi in an ɗaure doki a rana. Ta miƙe ta je gaban talabijin, ta kalli waɗanda ke bayan kujera ta ja tsaki, tsaki sosai, ban san inda ta koya ba. Sannan ta juya wajen tsohuwar, da harshenta mai ɗan karkata, ta ce: "Lafiya lau, Inna. Shigo, ruwa zai dake ki."

Ban ce mata sunan tsohuwar Inna ba. Ban ce mata komai ba.

Ban rungume ta ba, ban yi guɗa ba, don na san in na yi za ta ji kunya ta koma cikin ƙwaryarta. Na dai tashi na ce zan duba tukunya. Na shiga kicin na tsaya a gaban murhun da ba komai a kai, na yi kukan da ban samu yi ba ranar da aka kira ni aka ce kin tafi, ina nan wata duniya, ko likkafaninki ban gani ba.

Kada ki ɗauka ta zama Bakanuwa a wuni ɗaya. Da yamma da ta ji yunwa, da "makan" na yaren Malay ta nemi abinci. Jiya ma Turanci muka sha. Amma da za ta tafi makaranta yau, ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni, rabi da rabi, ko akwai wani fim ɗin marar murya, kuma wannan karon ita za ta yi maganar doki. Na ce akwai su da yawa.

Malam Bashir, na san ka karanto har nan, ka yi haƙuri da abin da ya yi zafi, ka riƙe taurarinka. Inna, shi ke nan abin da zan ce masa, na dawo gare ki.

Sun ce ba kallo kike yi ba. Ni shaida ce kin kalla, kin kuma ga abin da masu kunne ba su gani ba, kin ɗauki kayan wasu mutane da ba su san da zamanki ba kin yi mana tarbiyya da shi, kina tsintar shinkafa. Ina kewarki, Inna. Ina kewar tsakinki da dariyarki da yadda kike faɗin abu ba "wataƙila". Ina kewar a aike ni duba tukunya.

Gaisuwar da kika yi a waya, an amsa. Ta makara, kuma ta bi ta hanyar da ba wanda zai yi tsammani, amma an amsa, na ji da kunnena. Kin ce bakin ne bai nuna ba. Ya fara nuna, Inna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki kamar yadda kika haskaka mana ɗaki da rana tsaka muna jin tsoro. Yadda ba ki taɓa barin baƙo tsaye a ƙofarki ba, Allah kada Ya bar ki tsaye a ƙofar rahamarSa, Ya sa a amsa miki tun bugun farko. Ya raya miki takwararki a kan tarbiyyarki, Ya mayar da mu gida lafiya, Ya haɗa mu a inda ba rabuwa. Amin.

Taki har kullum, mai duba tukunya,
Zuwaira
Taman Melati, Kuala Lumpur